Sada da Ƙafata ta Hagu

Da girbin dawar bana, shekara goma sha ɗaya ke nan cif da rasuwar taubashina, Malam Sada, malamin asibitin ƙauyenmu da ke kusa da Ƙarfi. Da dawa nake ƙirga shekarun, domin ana tsakiyar yanka Allah ya karɓi abinsa. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai aikin lambu ya taso in ajiye biro. Bana na ce ko tumatir zai bushe sai na rubuta. Ba kuka na zo yi ba, don duk wanda ya san Sada ya san ba a tuna shi da ɓacin rai. Na zo ne in faɗi yadda aka yi har yau nake taka ƙasa da ƙafa biyu. Zan faɗe shi daki-daki, saboda ba na son labarin da aka faro daga tsakiya.

Da farko, ga yadda muke. Mahaifiyata da mahaifinsa uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ni ɗan mace, shi ɗan namiji, don haka tun muna yawo ba wando yake kirana bawansa, ni kuma ina ce masa ubangidan da ko akuya bai ajiye ba. Sunana Rabe, amma da wuya ya kira ni da shi. Tare muka gama firamare. Shi ya wuce makarantar koyon aikin lafiya, ni na koma fadama wajen mahaifina, na gaji jigo, daga baya na sayi injin ban-ruwa. Da shekaru suka tura, manoman ranin fadamarmu suka ɗora mini rabon ruwa. Ni ke cewa wane zai sha da sassafe, wane da hantsi, wane sai yamma. Ni ke buɗewa, ni ke toshewa, kuma ba na sauya layi don kowa. Ana cewa ina da tsauri, ban taɓa musawa ba. Sada kuwa saɓanina ne. Tsofaffin mata kan je asibitinsa lafiyarsu ƙalau, don kawai ya ɗaura musu abin awon jini ya ce musu amarensa.

In ya tashi aiki da yamma yakan biyo ta lambuna, wai ya zo duba bawansa, alhali latas da albasa suka kawo shi. Wata rana ya tarar ina sakin ruwa. Ya tsaya yana kallo, can ya ce, "Bawa, duk wannan aikin da kake taƙama da shi, ka san akwai irinsa a cikin jikinka? Kuma ba a taɓa neman shawararka ba."

Na ce ya ɗebi latas ɗinsa ya ba ni wuri. Bai tafi ba. Ya tsuguna a kan kunya, ya kamo hannuna duk laka, ya ɗora yatsuna biyu a wuyan ɗaya hannun, ƙarƙashin babban yatsa.

"Me ka ji?"

"Wani abu na harbawa."

"Injinka ke nan. Tun kana ciki aka tayar da shi, ba a taɓa kashe shi an huta ba."

Abin da ya koya mini a ranar, da ranakun da suka biyo baya, zan jera shi yadda na riƙe shi. Zuciya ita ce injin. Duk bugu ɗaya tana tunkuɗa jini cikin wata babbar jijiya, kamar yadda injina ke tunkuɗa ruwa cikin tiyo. Jijiyoyin da ke fita da jini daga zuciya kauri gare su, suna buɗewa su koma kamar roba, shi ya sa ake jin harbin zuciya a jikinsu, ko a wuyan hannu, ko a gefen wuya, ko a bayan ƙafa. Yawancinsu Allah ya binne su can cikin tsoka, domin in ɗaya ta yanke tsartuwa jinin yake yi, ja wur. Babbar jijiyar takan rabu, kowane reshe ya sake rabuwa, suna ta ƙanƙancewa kamar yadda babbar hanyar ruwa ke rabuwa zuwa ƙanana, har a kai ga waɗanda suka fi gashi siranta, ido ba ya ganinsu. Waɗannan ya ce su ne fangali, wato ɗan filin nan da muke kewayewa da kunya mu dasa albasa, inda ruwa ke tsayawa ƙasa ta sha. Bangonsu ba shi da kauri ko kaɗan, ta nan abinci da iskar da muka shaƙa ke tsattsafowa su shiga nama, dattin da naman ya tara kuma ya shigo cikin jini. Ya ce duk manyan jijiyoyin 'yan aike ne kawai, a fangali ake ainihin aikin. Wannan nan take na yarda, don ban taɓa ganin albasa ta tsiro a cikin tiyo ba.

Amma na kama shi a wuri ɗaya, ko in ce na zaci na kama shi. Na ce, "Tsaya, ubangida. Ruwana in ya shiga fangali ya tafi ke nan. In haka jini yake, ai da tuni kowa ya ƙafe."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗa cikin albasa. "Yau bawa ya yi tambayar masu hankali. To a nan aikin Ubangiji ya bar naka a baya. Naka tafiya ce ba dawowa, nasa zagaye ne."

Ya juya bayan hannuna ya nuna mini jijiyoyin nan da suka taso raɗa-raɗa a ƙarƙashin fata. Ya ce su ne masu mayar da jini gida. Laushi gare su, ba sa harbawa, jinin cikinsu kuma ya fi duhu domin ya riga ya sauke iskar da ya ɗauko. In ya koma, zuciya ta tura shi huhu ya sake ɗibar iska, ya dawo mata, ta sake aika shi jiki. Na ce to wanda ya sauka tafin ƙafa fa, wa ke hawo da shi tudu? Ya ce abu biyu. Na ɗaya, a cikin waɗannan jijiyoyi akwai 'yan marufai masu buɗewa gefe ɗaya kawai, irin harshen robar nan da ke bakin tiyona na cikin ruwa, mai barin ruwa ya hau ya hana shi komawa. Na biyu, tsokar sha-raɓa. Duk takun da mutum ya yi sai ta matse jijiyar, jinin ya ƙara gaba. "Shi ya sa," in ji shi, "Alhazan da ke wuni a kujerar shago ƙafarsu ke kumbura, kai kuwa taka kamar karan dawa."

Don in gani da idona, ya danne wata jijiya a hannuna da yatsa ɗaya, ya sa wani yatsan ya share jinin zuwa sama. Wurin ya kwanta, bai sake cika ba sai da ya ɗaga yatsan da ke ƙasa. Ba zan ɓoye ba, na yi mako guda ina gwada wannan a hannun duk wanda ya miƙo mini hannu mu gaisa.

Yanzu ga abin da ya faru, shekara huɗu bayan wannan karatu. Kaka ce, mun yanke dawa. Da hantsi na je ɗaga wani tarin kara da ya kwana biyu a ƙasa, silifas ne a ƙafata. Sai na ji kamar an soka mini ƙaya mai wuta kusa da ƙaramin yatsan ƙafar hagu. Ina dubawa sai ga kububuwa ta naɗe, tana wannan ƙara tata kamar an yayyafa ruwa a kaskon da ya yi zafi.

A wajenmu kowa ya san abin da ake yi. A ɗaure ƙafa, a kira wanzami ya tsaga, a kai mutum gidan mai maganin maciji. Haka muka taso muka tarar. Sai dai mutane da tsumma ko kaba suke ɗaurewa, sako-sako. Ni kuwa ina ganin na fi su, tunda na yi karatu a wajen Sada. Na ce a raina: jini yana komawa zuciya, dafi ya shiga jini, in ya isa zuciya an gama. Mutumin da ya shekara ashirin yana toshe ruwa ai ba za a gaya masa abin yi ba. Na kira maƙwabcin gonata, Malam Iro, na ce ya kwanto robar ɗaurin kaya daga babur ɗinsa. Da yake ko a fadama ba na amincewa da toshi ɗaya, in zan tsare ruwa wuri uku nake datsewa, sai na sa ya yanka robar gida uku. Ɗaya a idon sawu, ɗaya a ƙarƙashin gwiwa, ɗaya a cinya. Yana ja ina cewa ya ƙara.

Ya ce, "Malam Rabe, ta fa shige cikin nama."

Na ce, "Kai ne shugaban ruwa ko ni?"

Aka kai ni zauren mai magani a ƙauyen gaba, dattijo mai kirki. Ya ba ni jiƙo, ya ce zan kwana uku a wajensa, kuma kada a taɓa ɗaurin sai gobe. Wannan ya yi mini daidai. Wanzami ya tafi gidan suna, aka aika kiransa. Ina zaune a tabarma zafi ya ci ni kamar zan fita hayyacina, daga baya ya soma raguwa, har ƙafar ta yi shiru gaba ɗaya. Na ce alhamdu lillahi, magani ya kama.

Ana kiran azahar na ji ƙarar babur ɗin Sada. Matata Hajara ce ta aika masa, bayan na ce kada a tayar masa da hankali. Tun da na auro ta, wannan ne saɓa umarni guda ɗaya da na yi mata godiya a kai. Ya yi sallama, ya gaida mai magani da ladabi, ya tsuguna gabana. Daidai nan wanzami ya iso ya fara wasa aska.

Sada ya ce, "Baba, don Allah mayar da ita zabira. Dafin wannan macijiya hana jini daskarewa yake yi. In ka tsaga, ni da kai ba mai iya tsayar da shi."

Ya sa na tofa yawu, sai ga shi da jini-jini. Sannan ya taɓa ƙafar. Ta kumbura, ta yi duhu, sanyi ƙalau kamar gindin randa. Ya ɗora yatsu biyu a bayan ƙafar ya daɗe bai ɗaga ba. Tun da nake da shi ban taɓa ganin fuskarsa babu alamar dariya ba sai ranar.

"Wa ya yi wannan ɗauri?"

Na ce, "Ni na sa. Uku ne. Ko ɗigo ba zai wuce ba."

"Gaskiyarka, ko ɗigo. Kawo hannunka."

Ya ɗora yatsuna a bayan ƙafar dama, na ji tana harbawa. Ya mayar da su ta hagu. Shiru.

"Rabe," in ji shi, kuma da na ji sunana tsirara a bakinsa na san babu lafiya, "in ka datse hanya da bazara ka hana ruwa wuni guda, wane fangali ke fara mutuwa?"

"Na ƙarshe."

"To ga fangalin ƙarshe nan." Ya nuna yatsun ƙafata. "Ka tare hanyar komawa, ka manta ta cikin cinyar nan hanyar zuwa ma ta bi. Tun hantsi ƙafar nan ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta sami iska ba. Shirun da ka ji ba sauƙi ba ne. In ta kai gobe a haka, ko ka tsira daga macijiya, likita zai yanke ta daga nan." Ya ja layi da yatsa a cinyata.

Ashe rabin karatun na riƙe. Na tuna dawowar jini na manta zuwansa, ni da nake zagin mutane in sun bar fangalin ƙarshe da ƙishi. Na dubi ƙafar, na tuna kunyoyin fadama da mai ƙafa biyu ma sai ya yi a hankali, na tuna bakin da nake ciyarwa. Kunya da tsoro ba su taɓa haɗe mini lokaci ɗaya kamar ranar ba. Na kai hannu zan fizge robar, ya buge hannun.

"Yanzu kuma fasa madatsar za ka yi gaba ɗaya a kan shuka? Duk dafin da ya taru da dattin da ƙafar ta tara za su kwarara zuciya lokaci ɗaya. Ba a nan za a kwance ba. Sai maganin dafi ya shiga jininka."

Ya ɗaura ƙafar jikin wani itace da rawaninsa, sako-sako, don kada ta riƙa motsi. Ya fita titi ya tare wata a-kori-kura mai ɗaukar masara. Mai magani bai ji daɗi ba, amma Sada ya durƙusa ya ce, "Baba, kun yi naku, Allah ya saka. Ku ba ni aron bawan nan, in ya mutu ba ni da mai yi mini noma." Dattijon ya yi murmushi ya sa mana albarka.

Kafin la'asar muna babban asibiti a Malumfashi. Aka ɗebi jinina a 'yar kwalba aka ajiye, bayan wajen minti ashirin aka karkata ta, yana nan ruwa tsululu bai daskare ba. Aka ɗaura mini ƙarin ruwa da maganin dafi a ciki. Sai da ya fara shiga sannan likita da Sada suka soma sassauta robar, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, suna tsayawa suna duba ni. Ko a cikin wannan hali na lura da tsari suke bi, abin ya ɗan kwantar mini da rai. Da jini ya fara sauka sai na ji kamar an juye mini garwashi a ƙafa. Na kurma ihu, ni da aka ce ko ranar kaciya ban yi kuka ba.

Sada ya ce, "Ƙara, bawa, a ji ka a Bakori. Tun azahar wannan ihun nake roƙon Allah."

Likita bai yi mana alkawarin komai ba. Ya ce sai an ga yadda ƙafar za ta wayi gari, in jini bai kai ƙasa ba to maganar yanka na nan. Washegari da safe Sada ya shigo da kwanon koko da Hajara ta aiko. Ya ajiye, ya yaye zane, ya ɗora yatsu biyu a bayan ƙafar. Sannan ya kamo hannuna ya ɗora a wurin. Can ƙasa, a raunane, kamar motsin ɗan tsako a cikin ƙwai, na ji tana harbawa.

Ya ce, "Shugaban ruwa, ba mu rahoto."

Na ce, "Ruwa ya kai."

Ya ɗauki kokon ya shanye tas a gabana, wai abin da bawa ya samu na ubangidansa ne.

Ƙafa ta tsira, amma ƙaramin yatsan bai tsira ba. Ya yi baƙi, bayan mako guda aka cire shi. Tun daga ranar Sada ya rage ce mini bawa, ya raɗa mini Goma-ba-ɗaya. Sunan ya bi ni har kasuwar Bakori. In an taru wajen ɗaurin aure aka yabe ni da riga kowa sahun gaba, sai ya ce, "Ina abin yabo? Yatsu tara kawai yake wankewa a alwala." Nakan ɗaure fuska, don mutum irina bai kamata a gan shi yana dariyar kansa ba. Amma in na koma gida na faɗa wa Hajara, har hawaye muke yi.

Shekara shida ya ƙara a duniya bayan wannan. Ciwonsa na 'yan kwanaki ne. Ranar da na je duba shi ta ƙarshe na kama wuyan hannunsa na ɗora yatsu biyu, yadda ya koya mini. Ya buɗe ido ya ce, "Goma-ba-ɗaya ya zama likita. Auna duk abin da kake so, kada dai ka ɗaure ni." Kwana biyu bayan haka muka kai shi makwancinsa. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma daga ƙofar gida har maƙabarta ban yarda an karɓe ni ba. An yi ta taɓa kafaɗata ana so a samu lada, na ƙi. Na san ba haka ake yi ba, kuma ni ne mai son a bi ƙa'ida. Amma da ƙafar da ya ƙwato mini nake takawa, na ga ita ya kamata ta raka shi.

Sau da yawa in ina zaune bakin ruwa nakan tambayi kaina, da Sada zai leƙo yau, me zai ce? Na san zai tsaya gaban faifan solar da ke tayar da injina ba fetur, ya ce rana ma ta shiga bautar bawa. Zai yi murna ya ga abin awon jini, da a da sai a asibitinsa, yau har a ƙananan shagunan magani akwai shi. Amma zai yi faɗa ya ga magidanta majiya ƙarfi suna hawa babur daga gida zuwa masallacin unguwa, tsokar sha-raɓa tana zaman banza. Zai yi faɗa a kan gishiri da magi da ake zabgawa a miya. Yakan ce hawan jini kamar a riƙa tura ruwa da ƙarfi ne cikin tiyon da ya ƙanƙance ya yi tauri, wata rana ko tiyon ya fashe ko injin ya gaji, kuma in a cikin kai ya fashe shi ne shanyewar ɓarin jiki. Masu tallar maganin wanke jijiya a wayoyin mutane kuwa, ina jin da sai ya tambaye su da wane soso suke shiga. Akwai kuma abin da ba zai yi wa dariya ba: yadda muke tattara kaya mu bar gonakin nesa tun rana da sauranta saboda halin tsaro, da yadda wani lokaci akan kai wanda maciji ya sara a yi ta neman maganin dafi gari-gari. Waɗannan ina roƙon Allah ya kawo mana ƙarshensu.

Abin da zai fi faranta masa rai na sani. 'Yarsa ta uku, Hadiza, ita ce nas a asibitin da ya yi aiki. Duk farkon wata nakan je ta auna ni, ba na tsallake wata. In ta naɗa mini abin a damtse ta fara hura iska yana matsewa, sai in ce, "Ke, sassauta." Ta ce, "Baba, minti ɗaya ne fa, ba wuni ba." Ta sunkuyar da kai wai tana duba lamba, amma ina ganin kafaɗunta na rawa. Dariyar ubanta ce sak.

A fadama kuma, bayan dokokin rabon ruwa, na ƙara doka ɗaya: ba a ɗaure wanda maciji ya sara, kuma da sunan Sada nake faɗinta duk farkon rani. Bara aka jarraba ta. Malam Iro, wanda ya ja mini roba, shi maciji ya sara a hannu yana tsinkar wake. Kafin in iso har mutum biyu sun kwanto robar babur, wani yana cewa a matse sosai. Ban yi dogon bayani ba. Na zauna a kan kunya, na tuɓe takalmin hagu, na miƙe ƙafar a gabansu na ce, "Ku ƙirga."

Wani ya ce, "Huɗu ne, Malam."

Na ce, "Macijiya ta fara, roba ta ƙarasa. Da an ƙara wuni ɗaya, da ba abin da za ku ƙirga."

Daga nan muka bi tsari. Aka kwantar da shi aka hana shi motsi. Aka cire masa zobe da agogo kafin hannun ya kumbura. Aka jingina hannun da itace ba matsi. Ba tsaga, ba tsotsa, ba jiƙo. Aka sa shi a mota sai asibiti. Bayan kwana biyar ya dawo da yatsunsa goma cif. Na yi masa barka da zuciya ɗaya, ko da yake na ɗan ji haushi da ban samu abokin suna ba.

In aka auna abin da Sada ya bari da ido, ba shi da yawa. Gidansa na ƙasa ne, babur ɗin nan ya yi tsatsa a zaure, allon sunansa a asibiti an daɗe da sauya shi. Bai rubuta littafi ba, ba a sa wa titi sunansa ba. Amma akwai hannun Iro yana riƙe da fartanya. Akwai Hadiza tana tsokanar tsofaffi. Akwai manoman fadama guda da suka san cewa jiki da hanyar zuwa da hanyar komawa yake rayuwa, kuma duk wanda ya toshe su ya yi wa kansa ɓarna da hannunsa. Mutumin da ya iya zama a kan kunya ya fahimtar da mai taurin kai irina da albasa da tiyo, ina ganin ya yi aikin da ladansa bai yanke ba. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa mu a gidan da ba a rabuwa, ko da zai ci gaba da tsokanata a can.

Ni dai ga tsarina na kowace safiya, kuma shekara goma sha ɗaya ban sauya shi ba. In na sallame asuba na yi lazimi, sai in karanta masa ƙulhuwallahu. In na shafa, sai in naɗe wando, in ɗora yatsu biyu a bayan ƙafar hagu, in saurara. Yau ma na yi kafin in ɗauki biro.

Ubangida, ga rahoto: har yanzu ruwa na kaiwa fangalin ƙarshe.